Jirgi a Tudun Dir'iyya

Sha'aban yana tsaye a cikin jirgin, ya naɗe ƙafar wando har gwiwa, yana bin katakan da tiyo ɗaya bayan ɗaya kamar mai yi wa doki wanka, sai Issoufou ya leƙo ta tagar wayit, tankar da yake kawo wa gidan ruwa da ita.

"Basarke! Wanga abu naka har yau bai tsiro ba? Shekara da shekaru kana ban ruwa, ko ganye guda ban gani ba."

"Mutumin tudu ke nan," in ji Sha'aban, bai ko ɗago ba. "Kai da ba ka taɓa ganin ruwan da ya wuce na randar gidanku ba, ina kai ina zancen jirgi? Juye ka ba ni wuri."

Issoufou ya ƙyalƙyale da dariya, ya sauko yana jan bututu zuwa tanki. Mutumin Maraɗi ne, dogo, baki ba ya hutawa, kuma duk faɗin Riyadh shi kaɗai Sha'aban yake iya zagi da Hausa a kuma rama masa.

Gidan na shaƙatawa ne, irin wanda a nan ake ce wa istiraha, a gefen hanyar Dir'iyya: katanga doguwa, dabinai, ɗakin baƙi, sai ɗan ɗakin mai gadi a bakin ƙofa inda Sha'aban yake kwana. A tsakiyar filin kuma, a kan guma-guman katako, ga jirgin ruwa zaune ƙato guda, goshinsa yana kallon kudu, a garin da ko kwaɗo sai ya yi hijira. Duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya ya yi dariya. Sha'aban ya daina jin haushin wannan tuntuni.

Bai gama wankin ba wata farar mota ta shigo. Mish'al ne, ɗan mai gidan, wanda ya zama kafilinsa, mai riƙe da takardun zamansa, tun rasuwar tsohon bara. Ya fito da waya a kunne, ya buɗe bayan motar, ya sauke zarton lantarki sabo fil a kan yashi.

"Ya Sha'aban, sauko. Yau za a raba shi biyu. Kafinta ya yi mini ƙarya, kai kuwa ka san katako. Bayan la'asar babbar mota za ta zo ta kwashe."

Sha'aban ya rufe tiyon. Larabcinsa na titi ne, amma ya ji sarai. "A raba me, Mudir?"

"Jirgin. Na buɗe shagon gahawa a Dir'iyya, wurin da ake gyarawa. Rabi a dama, rabi a hagu, a sa matasai a ciki mutane su zauna. Zai yi kyau, wallahi. Kowa ya ga jirgin kakana."

Sha'aban ya sauko a hankali, ya tsaya tsakanin zarton da jirgin, ya goge hannu a rigarsa.

"Ba zan yanka ba."

Mish'al ya cire wayar daga kunne. Ba mugun yaro ba ne, a gaskiya. Bai taɓa riƙe masa albashi ba, kuma ranar jana'izar ubansa a kafaɗar Sha'aban ya yi kuka. Sai dai bai saba jin a'a daga ɗakin bakin ƙofa ba.

"Ban gane ba. Ba ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

"Na iya. Ba zan yi ba. Baba ya ce teku za a mayar da shi."

"Baba, Allah ya jiƙansa, ya faɗi haka tun ina makaranta." Mish'al ya dubi agogo. "Ka ji nan, iƙamarka, takardar zamanka, wannan watan za ta ƙare. Daga wayar nan zan sabunta ta, daga ita kuma zan iya ba ka huruj, fita ba dawowa. Ba na son haka. In dawo la'asar in tarar da shi biyu. Khalas."

Motar ta fita, ta bar zarton yana ƙyalli a rana.

A Ibi, bakin Binuwai, idan kaka ta yi, ruwa ya gama cika ya fara ja da baya, gidan su Sha'aban, Sarkawa masunta, tashi suke yi. Jirage a jere, da taru da tukwane da mata da yara. A ɗaga zanen iska da aka ɗinka da buhuna a jikin gora, iskar arewa ta cika shi ta baya, sai a ajiye filafili a miƙe ƙafa. Makurɗi, sannan Lakwaja inda koguna biyu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa kowanne da launinsa kafin su yarda su gauraya, sannan Ida, sannan Anaca. A kwana a tsibirin yashi, a yi banda, a sayar a kasuwar bakin gaɓa, a wuce. Can ƙasa kogin ya tsattsage ya zama ƙoramu masu duhun itatuwa, ruwa ya ɗauki ɗanɗanon gishiri, yana hawa yana sauka da kansa, teku tana ruri a bayan daji amma ba a fita gare ta. Tun yana goye ake wannan tafiya da shi. Da kifi ya yi ƙaranci, ya ce wa matarsa Azumi zai je Saudiyya ya yi shekara biyu ya dawo da injin jirgi. 'Yarsa Kamila da ya bari tana rarrafe, yanzu ita take karanta wa uwarta saƙonsa a waya.

Abin da ya zaunar da shi kuwa, ban da albashi, wannan jirgi ne da mai shi. Abu Mish'al, wato uban Mish'al, wanda ma'aikata suke kira Baba, ɗan masunci ne daga gaɓar Bahar Maliya, kusa da Lis. Ya zo Riyadh yana saurayi, Allah ya buɗa masa, da ya tsufa sai ya aika aka ɗauko masa jirgin ubansa a tirela. Ranar da ya ga yadda sabon mai gadi ya shafa cikin jirgin da tafin hannu, sai ya ce, "Kai ɗan ruwa ne." Daga nan suka ƙulle. Da yamma tsohon yakan sa a kawo masa kujera gindin jirgin, ya zana hanyar a yashi da sandarsa: daga Lis a bi kudu, ta cikin mashigin da ke tsakanin gaɓa da duwatsun ruwa, inda igiyar teku ba ta shigowa, a kwana a lungunan gaɓa, Ƙunfuza, Jizan, har tsibiran Farasan. "In zafi ya karye, iskar arewa ta tashi, za mu tafi. Ni a goshi ina duba duwatsu, kai a tuƙi." Kowace kaka sai wani abu ya gitta: aikin ido, auren 'ya, ciwon ƙafa. Ta ƙarshe ta tarar da shi a maƙabarta.

Kuma a gidan su Sha'aban ba a sa wa jirgi ƙarfe don a raba shi. Jirgin da ya ɗauki mutane ya sauke su lafiya, in ya tsufa, sai a ja shi wani lungu na gaɓa a bar wa ruwa abinsa. Babu ayar da ta ce haka, shi ma ya sani. Amma mutum ba ya rasa abu guda da in an taɓa shi ji yake kamar an mari ubansa.

Da azahar Issoufou ya dawo da shinkafa da kaza a leda daga unguwar Gubaira. Suka zauna a inuwar jirgin suka sa hannu.

"Ni dai ban gane maka ba," in ji Issoufou da baki cike. "Jirgin ubanka ne? Mai abu ya ce a yanka abinai. Kai mi naka?"

"Ba nawa ba ne. Hannun da za a yanka da shi ne nawa."

"To ba ni zarton. Ni mutumin tudu ne, ba ni da wata gaba da jirgi. In yanka, ka ce kai ne. Shi ke nan, kowa ya ci tuwonai."

"In tsaya ina kallo?"

"Ka shiga bayi ka toshe kunne!" Issoufou ya ajiye ƙashin kaza, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Sha'aban, dubi Allah. Mutane nawa ke kwana Ulaisha goma a ɗaki guda suna neman kafili irin naka? Ɗiyarka na makaranta. Kana da ɗaki kai kaɗai, ga na'urar sanyi. Don itace za ka zubar da wanga duka?"

Maganar ta shige shi, don gaskiya ce, kuma ya ji tsoro. Kamila ta ce masa likitar mata take son zama. Ya dubi zarton ya ga ba wani aiki ba ne, kafin shayi ya huce an gama.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Yayansa ne Buraima, kiran bidiyo. Fuskarsa ta cika gilashin, bayansa kuma ga Binuwai shimfiɗe, ruwan ƙasa-ƙasa, faɗinsa ya wuce wayar.

"Salamu alaikum, Alhajin Makka! Muna ban kwana ne. Ruwa ya fara ja, in Allah ya kai mu bayan Juma'a za mu saki igiya."

"Yaya, barka da shiri. Jirage nawa bana?"

"Sun ragu. Yara duk sun koma acaba. Ga matarka nan tana ɗinka mana zane, buhunan bana ba su da ƙwari, iska ɗaya za ta yaga su." Buraima ya juya wayar. Azumi tana zaune a tabarma da basilla, buhuna sun rufe mata ƙafafu. Ta ɗaga hannu kawai, don gaban yaya ne. "Wurinka a bayan jirgi yana nan," in ji Buraima. "Kullum sai na faɗa, kullum ka ce baɗi."

Bayan an kashe, Sha'aban ya ajiye wayar. Sannan ya miƙe da ƙarfi kamar wanda aka tsikara.

"Na san abin da zan yi. Lafiyayyen jirgi ne. Zan kwashe ruwan da ke cikinsa in busar da shi, in Mudir ya zo in nuna masa. Masunta a Lis za su saye shi da gudu. Ya sayi kujeru da kuɗin, jirgi ya koma ruwa."

"In ya ƙi fa?"

"Ya ga ƙashin bayan jirgin nan tukuna. Ko yau aka sa shi a teku zai kai Farasan."

Ya hau da bokiti. Ya ɗaga katakan daɓe, waɗanda ya daɗe bai ɗaga ba, tunda a ƙarƙashinsu yake barin ruwa ya kwanta don kada jirgi ya bushe ya tsage. Wani wari ya buso, na tsohuwar rijiya. Ya kwashe ruwan, ya sauka da ƙafa ɗaya don ya goge, sai diddigensa ya nutse. Ya ɗauka laka ce. Ya sunkuya ya danna babban yatsa a jikin ƙashin bayan jirgin, wanda ya gama yabo yanzun nan, yatsan ya shige har gaɓa. Ya damƙo, katakon ya biyo hannunsa baƙi, yana marmashewa kamar jiƙaƙƙen burodi. Ya matsa gaba ya gwada, ya koma baya ya gwada. Ko'ina haka. Waje sumul yana ƙyallin man da yake shafa masa, ciki kuwa ya ruɓe ƙurmus.

Ya zauna daɓas a cikin jirgin. Daga nan yana hango ƙofar sito a buɗe, da buhunan gishiri jibge har rufi.

Baba ne ya sa aka kawo su, tun shekarar farko. "Ka riƙa zuba masa gishiri a ruwan. Ruwan daɗi in ya kwanta a katako ruɓar da shi yake, gishiri ke tsare shi." Sha'aban ya ce to, a ransa kuwa ya ce tsufa ya fara taɓa Baba. Shi da ya gani da idonsa? A ƙoramun kudu ruwan gishiri ne makashin jirgi. Tsutsarsa takan huda katako ta mayar da shi rariya, shi ya sa 'yan gidansu ba sa daɗewa a can, sukan gudo ruwan daɗi don tsutsar ta mutu. Wane ɗan Sarkawa ne zai ɗebi gishiri da hannunsa ya zuba wa jirgi? Sai ya jibge buhunan, in layya ta zo ya ba masu jimar fata. Duk sanda tsohon ya tambaya, sai ya ce, "Komai lafiya, Baba." Abin da bai taɓa tsayawa ya duba ba shi ne, ruwan Binuwai tafiya yake yi. Wannan kuwa kwance yake a rufe, cikin zafin Riyadh.

Issoufou ya leƙo ta gefe, ya ga ramin, ya ga fuskar abokinsa. Karon farko tun da suka san juna bai yi tsokana ba.

"Inna lillahi. Garin gyaran gira..." Ya gyara murya. "To ai Allah ya kawo maka mafita. Ya mutu. Gawa ce. Yanzu ka yanka, ba ka da laifi wurin kowa."

Sha'aban ya ɗago jajayen idanu. "A Maraɗi in mutum ya mutu raba shi biyu kuke yi?"

Ya sauko, ya yi alwala da ragowar ruwan tiyo, ya yi la'asar. Sannan ya shiga sito, ya tsallake buhunan gishiri, ya jawo zanen iskar jirgin, shira'i kamar yadda Baba yake kiransa, farin yadi mai kauri da yake shanyawa duk wata. Shi kam lafiyarsa ƙalau.

Mish'al ya iso, babbar mota da ƙugiya tana biye da shi. Ya ga zarton inda ya bar shi, ko leda ba a cire masa ba. Fuskarsa ta haɗe.

"Wato ka zaɓa."

"Na zaɓa. Amma hau ka gani tukuna, kada wani ya faɗa maka."

Mish'al ya tattare farar rigarsa ya hau. Ya dubi ramin, ya taka gefensa da takalmi, katakon ya burma. Ya ja da baya da sauri.

"Me ya same shi?"

"Ni ne. Baba ya ce gishiri, na ce na fi shi sani. Ga gishirin can a sito." Ya nuna siton da hannu. "Na kashe shi da ruwa. Ba zan ƙara masa da zarto ba, kuma muddin ina gadin ƙofar nan ba a gabana za a yi ba."

Issoufou ya kama kai ya juya baya. Direban babbar motar ya leƙo, ya tambaya ko a ɗauka ko a bari, shi yana da wani aikin a Gubaira.

Mish'al ya daɗe tsaye a goshin jirgin, daidai inda ubansa ya ce zai tsaya. Ya karyo ɗan guntun katako ya murje shi da yatsu. Da ya yi magana, fushin ya tafi, sai gajiya.

"Wannan ko yaro ya zauna a kai zai rufta. Ba zai yi gahawa ba." Ya ɗaga wa direban hannu ya tafi. "A bar shi nan ya ƙarasa. Khalas, ya Sha'aban, magana ta wuce. Ba yanka, ba rigima. Gobe zan sabunta maka iƙama."

Issoufou ya juyo da fara'a har kunne yana hamdala. Sha'aban kuwa ya dubi jirgin, ya dubi dabinai, ya dubi ɗan ɗakinsa da na'urar sanyi tana ɗiga a bango. Iskar maraice ta taso daga arewa, mai ɗan sanyi, ta ɗaga gefen zanen da ke hannunsa.

"Na gode, Mudir. Ba ni huruj ɗin."

"Ba ka ji ni ba ne? Na ce ka zauna."

"Na ji. In zauna in yi gadin me? Dabino ba ya gudu." Ya ɗaga zanen. "Abu ɗaya nake roƙo. Wannan."

"Me za ka yi da shi?"

"Kudu zan kai shi. Ba Farasan ba, amma kudu ce."

Mish'al ya dubi zanen. Ya sauko, ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗauki zartonsa ya mayar a mota. Sai da ya kunna ta sannan ya sauke gilashi. "Ɗauki. Ka yi wa Baba addu'a in iska ta cika shi."

Ƙurar motar ba ta kwanta ba Issoufou ya fara. "Kai mahaukaci ne, na rantse! An ba ka a hannu ka zubar. Makarantar Kamila hwa?"

"Da kifi Yaya ya karantar da nasa. Za mu sha wuya, na sani." Sha'aban ya danna waya ya kara a kunne. "Yaya? Ka ce wa Azumi ta ajiye basilla, ina tafe da zane. A'a, ba baɗi ba."

Muryar Buraima ta fito har Issoufou yana ji. "Ruwa ba ya jiran mutum, ka sani. Bayan Juma'a za mu saki igiya ko kana nan ko ba ka nan."

"Ku saki. Takardu za su ɗau kwanaki. In na rasa ku a Lakwaja, na tarar da ku a Ida."

Ya kashe, ya shimfiɗa zanen a yashi, ya fara ninkewa. Issoufou ya tsaya yana huci, sannan ya yi tsaki, ya sunkuya ya kama ɗaya gefen. Da suka gama Issoufou ya ɗaga ƙunshin ya jinjina, ya ajiye da nishi.

"Wanga shi kaɗai ya cinye maka kilon jirgin sama. Akwatin tsarabar da ka daɗe kana tarawa hwa? Barguna, turare, abayoyin Azumi?"

"Ka kai wa matarka Mariamou. Ka ce in ji Basarke."

Issoufou ya girgiza kai ya nufi tankarsa. Ya sa ƙafa a matakala, sai sabo ya juyo da shi. "Gobe in kawo na jirgi, ko na dabino kaɗai?"

Sha'aban ya saɓa zanen a kafaɗa, ya dafa goshin jirgin da tafin hannu.

"Na dabino," ya ce. "Wannan ya sha ya ishe shi."